Hotunan Akwatinta na Faransa: Sunansu, Asirinsu da Masu Yinsu

A cikin shekarar 1769, wurin nunin zane-zane da Majalisar Sarki ta Masu Zane da Sassaƙa ta saba yi a fadar Louvre, cikin birnin Faris, wani mai zane wai shi Jean-Baptiste Le Prince ya rataya waɗansu hotuna na mutanen Rasha, ƙauyawa da matafiya da masunta. Kowa ya dube su sai ya ɗauka da buroshi aka yi su, da irin tawadar nan ruwan ƙasa wadda masu zane ke sirkawa da ruwa su shafa a takarda. Alhali kuwa buroshi bai ko taɓa takardun ba. Daga allon jan ƙarfe aka buga su, ana kuwa iya bugo irinsu masu yawa daga allo guda. Wannan dabara ita ake kira akwatinta yanzu, ko da yake shi Le Prince ba da wannan suna ya kira ta ba.

Dalilin da ya sa ya kamata malaman makaranta su san asalin waɗannan hotuna shi ne, da yawa daga cikin waɗanda akan sa a littattafan tarihi don nuna zaman mutanen Faransa gab da babban juyin mulkin 1789, daga hannun waɗannan ma'aikata suka fito. Almajiri yakan dubi hoton ya ce lalle haka Faris take a lokacin. To, amma hoton nan kayan kasuwa ne, don sayarwa aka yi shi, kuma mai ba da kuɗi shi ya zaɓi abin da za a nuna masa. Wanda bai san yadda aka yi shi da wanda aka yi dominsa ba, ba zai san iyakar shaidar da zai karɓa daga gare shi ba.

Sai an fara da wahalar da dabarar ta zo ta warware. Tun ƙarni na 15 Turawa suke buga hoto daga allon jan ƙarfe. Akan haƙa zane a jikin allon, a cika ramukan da tawada, a goge fuskar allon fes, sa'an nan a shimfiɗa takarda mai damshi a kai, a shigar cikin injin matsi, takardar ta tsotso tawadar. Manyan hanyoyin haƙar kuwa biyu ne: ko dai a yanka ƙarfen da alƙalamin ƙarfe mai kaifi, ko kuwa a shafe allon da danƙo, a karce zanen da allura, a tsoma cikin asid, watau ruwan nan mai cin ƙarfe, ya ci wuraren da allura ta buɗe. Duka biyu layi kaɗai suke bayarwa. In ana son inuwa, kamar ta gajimare ko ta lungun ɗaki, sai a yi ta gicciya layi kan layi kamar saƙar tabarma, idon mai kallo ya haɗa su daga nesa. Amma a tsakiyar ƙarni na 18 attajiran Faris sun shiga sha'awar tara zanen hannu na manyan gwanaye irin su François Boucher da Jean-Honoré Fragonard, suna sa su a firam suna ratayewa a bango. Zanen hannu kuwa guda ne, mai shi ma guda. Saboda haka duk wanda ya gano yadda zai bugo abin da ba a rarrabe shi da zanen hannu, ya sami kasuwar duk masu kwaɗayin abin da ba su da kuɗinsa. A 1757 Jean-Charles François ya fito da hanyar kwaikwayon zanen alli, Gilles Demarteau ya ɗauke ta ya cika gari da kwafin zanen Boucher, a 1769 kuma Louis-Marin Bonnet ya buga kan wata mace da faranti takwas, kowane da nasa launi, don ya yi kama da zanen alli mai launi. Abin da ya saura shi ne zanen sirkakkiyar tawada, wanda ba shi da layi ko kaɗan sai duhu da haske.

Ga yadda akwatinta ta cim ma wannan. Akwai wani ƙaro da ake samu daga itacen fain, shi ne masu goge na Turai ke shafa wa izgar kayan kiɗansu. Akan dake shi ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa a kan allon, ko ta tankaɗe ko ta tayar da ƙurarsa cikin akwati a bar ta ta sauko. Sai a ɗumama allon daga ƙasa har kowace ƙwayar ƙaro ta narke kaɗan ta manne. In aka tsoma allon cikin asid, ba ya cin inda ƙwaya take, sai ya zagaye ta ya ci tsakani, ya bar dubban ƙananan ramuka masu riƙe tawada. Wurin da ake so ya fito fari, tun farko akan rufe shi da wani fenti da asid ba ya ratsawa. Bayan tsomi na fari a rufe inda ake son inuwa mai haske, a sake tsomawa, a sake rufewa, har a kai ga wuri mafi duhu, wanda shi ya fi daɗewa a ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina ya riga ya gane aikin: inda aka ɗaure da zare baba ba ya shiga, tsomi ɗaya shuɗi mai haske, tsomi da yawa baƙi wuluk. Bambancin kawai shi ne marini yana ganin launinsa da ya tsamo zane ya sha iska, shi kuwa mai akwatinta ba ya ganin abin da ya yi sai ya wanke allon ya buga gwaji, in kuwa asid ya zarce, gyara ya yi wuya.

An haifi Le Prince a Metz a 1734, ya yi koyo a wurin Boucher, ya tafi Rasha wajen 1758, ya yi kamar shekara biyar can yana aikin ƙawata fadar sarauta a Petersburg yana kuma zana mutanen ƙasar. Da ya komo Faris da jakar zane-zanensa sai ya tarar jama'a na ɗokin duk wani abu na Rasha, ya kuwa ci wannan kasuwa har iyakar ransa. Majalisar Sarki ta karɓe shi a 1765 da wani hoton fenti na bikin baftisma irin na Rashawa. Shi ne kuma ya zana hotunan littafin tafiyar Chappe d'Auteroche, masanin taurarin da ya je Tobolsk ta Saiberiya a 1761 don ya ga gilmawar Zahra ta gaban rana. Littafin ya fito a 1768, ya nuna Rashawa da talauci da bulala da rashin wayewa, har ya fusata Sarauniya Katarina ta Biyu, aka fitar da raddinsa da Faransanci a 1770, raddin da masana ke dangana mata. Hotunan wannan littafi ba akwatinta ba ne, waɗansu ma'aikata ne suka haƙa su da layi. An kawo zancen ne don a ga cewa tun ran farko akwai masu ƙaryata Rashar da Le Prince ya sayar wa mutanen Faris. A akwatintocinsa ma haka abin yake: tufafin na Rasha ne, amma fuskokin 'yan matan da zamansu na almajirin Boucher ne.

Tun daga 1768 da ya fara samun nasarar dabarar, ya ɓoye yadda yake yi, gama asirin shi ne jarinsa. Amma fa ba shi kaɗai ke haƙar wannan rijiya ba. Wajen 1650 wani Jan van de Velde ya gwada irin wannan a Amstadam, aka manta. A Faris François-Philippe Charpentier ya yi da'awar tasa hanyar tun 1762. Abbé de Saint-Non, mai kuɗi ne mai son zane, abokin Fragonard, shi ma yana buga kwafin zanen abokinsa da irin wannan inuwa. A 1773 wani Stapart ya buga ɗan littafi yana bayyana tasa hanya ga duk mai iya karatu. Sa'ad da Le Prince ya yi shelar zai sayar da asirinsa a 1780, ga rashin lafiya ga bukatar kuɗi, abin ya riga ya zama asirin da kowa ya san rabinsa. Ya rasu a 1781 bai ga littafinsa ba. Bayan ransa ne rubutun ya shiga hannun Majalisar Sarki, daga baya aka buga shi. Daidai ne a ce shi ne ya fara mallakar dabarar sosai har ta yi kyan gani, amma a ce shi ya ƙago ta daga babu, wannan an yi masa kara.

Maganar suna tana da abin lura ga masu nazarin harshe. Faransawan wancan zamani da sunan abin da aka kwaikwaya suke kiran dabarar, watau haƙa irin ta sirkakkiyar tawada. Ba su damu da yadda aka yi ba, sai dai da abin da ya yi kama da shi. Kalmar akwatinta daga Italiyanci take, ma'anarta rinannen ruwa, kuma ta Ingila ta bazu, inda Paul Sandby ya sa ta a kan jerin hotuna 12 na kudancin Wales da ya fitar a 1775. Daga baya Faransawa suka ɗauke ta. Da 'yan kasuwar tsofaffin hotuna suka same ta, sai suka liƙa ta ga duk wani hoton ƙarni na 18 mai inuwa mai laushi, musamman mai launi, har ta rufe sana'o'i biyu dabam. Masana na baya-bayan nan da suka duba hotunan da madubin ƙara girma sun ga da yawa daga cikin mafi shahara ba su ga ƙaro ba sam. Da hannu aka yi inuwarsu, ana gangara wani ɗan gargaren ƙarfe mai haƙora da makamantansa a kan allon, ɗigo bayan ɗigo. Ba wuya a rarrabe su in an san abin dubawa. Inda aka yi da ƙaro, akan ga fararen tsibirai kewaye da tawada, kamar tsagewar laka a busasshen tafki. Inda aka yi da gargare kuwa, ɗigon tawada ne ke bin juna a jere.

Uban wannan sana'a ta biyu shi ne Jean-François Janinet, wanda aka haifa a 1752 ya rasu a 1814. Abin da ya sa ya yi fice shi ne haɗa wannan inuwa da bugun launi. Tun kafin a haife shi, Jacob Christoph Le Blon, mutumin Frankfurt da ya rasu a Faris a 1741, ya nuna cewa da shuɗi da rawaya da ja ana iya samun sauran launuka, in aka ba kowanne allonsa aka buga su ɗaya kan ɗaya. Janinet da almajiransa sukan yi allo huɗu, na huɗun baƙi ne mai ɗauke da zanen. Takarda guda za ta ratsa injin sau huɗu, ana soka ta da allura a wuri ɗaya kowane zagaye don kada launi ya goce ko da faɗin gashi; har yau ana ganin hudar a gefen hotunan da ba a datse ba. Wannan aiki dabam ne da hoton da aka buga baƙi sa'an nan aka sa masa launi da buroshi, ko da yake 'yan kasuwa sukan so mai saye ya manta da bambancin. A 1777 Janinet ya buga hoton Sarauniya Marie-Antoinette, a 1783 ya kwafo Venus ta Boucher, daga 1786 zuwa 1788 kuma ya fitar da hotunan 'yan mata suna asirce-asircensu a ɗakin kwana, daga zanen Lavreince, mutumin Suwidin. Almajirinsa Charles-Melchior Descourtis ya bi sawunsa da bikin aure da cin kasuwar ƙauye daga zanen Taunay, inda ba ƙauyen da ya san yunwa.

Shi Janinet mutum ne mai son gwaje-gwaje, har abin ya ja masa kunya. Shekara guda bayan 'yan'uwan nan Montgolfier sun tayar da ƙaton balan-balan ɗinsu, shi da wani limamin coci mai suna Miolan suka ɗinka nasu, suka karɓi kuɗin 'yan kallo, suka tara jama'a a lambun Luxembourg ran 11 ga Yuli 1784. Aka yi ta jira cikin rana, abu ya ƙi tashi, taro ya fusata ya afka masa ya yayyage. Abokan sana'arsa ba su raga masa ba, suka cika gari da hotunan ba'a, suna zana limamin da siffar kyanwa, don sunansa ya yi kama da kukanta a Faransanci.

Wanda ya fi su duka, kuma wanda ya fi bukatar a karanta shi da hankali, shi ne Philibert-Louis Debucourt. An haife shi a Faris a 1755, da fenti ya fara, Majalisar Sarki ta amince da shi a 1781. Sauran duk kwafin zanen wani suke yi, shi kuwa abin da idonsa ya gani yake haƙawa, shi ya sa mutanen cikin hotunansa suke da rai. Ya fara da kayan ƙarfe irin na Janinet, daga baya ya haɗa da ƙaro. A 1786 ya fitar da rawar amarya a ƙauye, a 1787 kuma hoton masu yawon shan iska a rumfunan Palais-Royal, wanda ya ɗauki fasalinsa daga hoton lambun Vauxhall na Landan da Thomas Rowlandson ya zana. Shi wannan Palais-Royal gidan Duke na Orléans ne, ɗan'uwan sarki. Da bashi ya kama shi sai ya kewaye lambunsa da shaguna ya ba da haya, wurin ya zama matattarar masu shan gahawa da 'yan caca da masu sayar da littattafai da mata masu zaman kansu, da kuma masu zagin gwamnati, tun da 'yan sandan sarki ba su da ikon da suke da shi a titi a cikin gidan. A nan ne Camille Desmoulins ya hau tebur ran 12 ga Yuli 1789 ya kira jama'a su ɗauki makamai, bayan kwana biyu aka fasa kurkukun Bastille.

A 1792 Debucourt ya koma wannan lambu ya yi hoton da ake ɗauka shi ne gwanintarsa mafi girma, La Promenade publique. Ga itatuwa sun yi inuwa, ga kujeru da tebura, ga samari sun tsuke cikin matsattsun kaya suna leƙen mata, ga tsofaffi suna gulma, wani ya miƙe a kan kujeru kamar gidan ubansa. Launin ganye da na siliki sun zauna lafiya lau, ba inda wani ya hau wani. To, sai a tuna da shekarar. A watan Afrilu nata Faransa ta shiga yaƙi da Ostiriya, ran 10 ga Agusta aka afka wa fadar Tuileries da ke kusa da lambun, a farkon Satumba aka karkashe fursunoni fiye da 1,000 a gidajen yarin Faris, ran 21 ga watan aka soke sarauta. Cikin Janairu 1793 aka fille wa Sarki Luwi na 16 kai, cikin Nuwamba kuma aka yi wa mai lambun kansa haka. Ba ko ɗaya daga alamun wannan a hoton. Ba ƙarya Debucourt ya yi ba, gama lalle akwai masu wannan yawo har a ranakun nan, kuma ga mai binciken tufafi da kwalliya hoton shaida ne mai ƙarfi. Amma hoton allo da yawa aiki ne na watanni, mai tsada, ba wanda zai saya sai mai bango da firam, shi kuwa mai bango ba layin masu jiran burodi yake son gani ba. Malamin da ya nuna wa aji wannan hoto bai faɗi shekararsa da abin da ya faru cikinta ba, rabin darasi ya koyar.

Da kasuwa ta juya, masu sana'ar suka juya da ita, ba tare da wani jinkiri ba. Masu sayen Venus sun gudu ƙasashen waje ko sun ɓuya, aka rufe Majalisar Sarki a watan Agusta 1793. Janinet, wanda ya buga Sarauniya, tun 1789 ya shiga fitar da ƙananan hotunan abubuwan da ke faruwa, kashi kashi, launi ɗaya, masu araha. Pierre-Michel Alix ya yi ta buga fuskokin jagororin juyin, har da Marat. Debucourt ya yi kalandar 1791 ya sadaukar ga masoyan tsarin mulki, ya kuma yi ta sabuwar jamhuriya mai sababbin sunayen watanni. Guda cikinsu, Antoine Sergent, bai tsaya ga allo ba, ya shiga majalisar ƙasa ya jefa ƙuri'ar kashe sarki, ya ƙare a gudun hijira, ya rasu a Nice a 1847. A ƙasa da su duka kuma akwai Gilles-Louis Chrétien, makaɗin fada, wanda ya ƙera na'urar bin gefen fuskar mutum, shi da Edme Quenedey suka buɗe shago a 1788: mutum ya zauna 'yan mintoci, daga baya a ba shi ɗan allonsa da kwafin fuskarsa, inuwar da akwatinta. Dubban mutane, 'yan sarauta da maƙiyansu, sun zauna a irin wannan kujera.

Yana da kyau a lura, wanda ya fara nuna cewa ƙaro na iya faɗin abin da buroshi bai faɗa ba, ba Bafaranshe ba ne. Francisco Goya ne, a Madrid, cikin hotuna 80 da ya fitar a 1799, inda duhun akwatinta ya zama dare da tsoro, ba kwaikwayon kowa. A Faransa kuwa bugun allo huɗu ya yi ta ja da baya, don ba mai biyan wahalarsa. Debucourt ya koma kwafin zanen Carle Vernet, dawakai da 'yan talla da sojojin ƙasashen da suka mamaye Faris a 1814 da 1815, yawanci allo ɗaya a ƙarasa launi da hannu. Ya rasu a Belleville a 1832. Almajirinsa Jean-Pierre-Marie Jazet ya ci abinci da manyan hotunan yaƙe-yaƙen Nafoliyon daga zanen Horace Vernet. Kafin nan bugun dutse, wanda Senefelder ya gano a Jamus a ƙarshen ƙarni na 18, ya kafu a Faris tun 1816. Ya fi sauri, ya fi araha, ba ya kuma gajiya da wuri kamar allon akwatinta, wanda ƙananan ramukansa ke shafewa da yawan matsi har hotunan ƙarshe su fito fari-fari. A 1839 aka bayyana hoton kyamara na Daguerre. Da yake shi ma guda ɗaya tak yake fitowa a kan faranti, ba a iya kwafinsa, sai Lerebours ya ɗauki masu akwatinta su kwafe irin waɗannan hotuna na biranen duniya cikin wani jerin da ya fara fitarwa a 1840.

Tsofaffin hotunan launi sun daɗe a wulaƙance kafin 'yan'uwan nan biyu, Edmond da Jules de Goncourt, su rubuta a kan Debucourt cikin shekarun 1860, attajirai su sake waiwayo su. Maurice Fenaille ya tsara jerin ayyukansa a 1899. Da farashi ya hau, sai kwafi na jabu da sababbin bugu suka biyo, har ya zama yawancin abin da mutum zai ci karo da shi a shagunan kayan da, da sunan Debucourt ko Janinet, na wannan lokaci ne ko bayansa, ba na zamaninsu ba. Ita dabarar ƙaron kuwa ta koma hannun masu zane da ke yi don kansu. Delacroix ya yi hoton maƙeri da ita a 1833, Degas da Pissarro suka yi ta gwaji da ita wajen 1880. Mary Cassatt, Ba'amurkiya mazauniyar Faris, bayan ta ga nunin hotunan Japan a 1890, ta yi hotuna 10 masu launi na mata cikin hidimar gida, ana wanka, ana rubuta wasiƙa, ana gwada riga. An nuna su a shagon Durand-Ruel a 1891. Ita da mai bugu guda, wani Leroy, suka sa wa allunan tawada da hannu, kowane hoto kuwa kwafi 25 suka buga suka tsaya.